Wat Biyar Da Kwalba Uku: Shaidata Kan Haɗa Amfilifayar Jita Ta Farko

Amfilifayar jita mai kwalba (wato bututun gilashi na lantarki mai ƙara wa sigina ƙarfi) da na fara haɗawa da hannuna wat biyar ce kacal, kuma har gobe duk wanda ya ce mini yana son shiga wannan harka, nan nake nuna masa ya fara. Mai sabon shiga yakan so ya fara da babba, mai wat hamsin da maɓallai takwas a gaba. To amma ranar da ta ƙi yin magana, a cikin kayan haɗi sama da ɗari zai nemi inda matsalar take, alhali bai ma san yawan wutar da ya kamata ya gani a kowace ƙafa ba. Ƙaramar kuwa kayan cikinta 'yan kaɗan ne, za ka iya riƙe zanenta duka a ka. Kuma kada wat biyar ta ruɗe ka: wat hamsin ba ta fi ta ƙara sau goma a kunne ba, abin da kunne ke ji kusan ninki biyu ne kawai. A cikin ɗaki, wat biyar da lasifika mai kyau ta isa ta sa a buga maka ƙofa.

Zanen da na bi shi ne na Fender Champ, samfurin da ake kira 5F1, wanda kamfanin ya yi a Amurka daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960. Kwalabe uku ne a ciki. Akwai 5Y3, wadda ke juya wutar AC zuwa DC. Akwai 12AX7, wadda a Turai ake rubuta mata ECC83; kwalba ɗaya ce amma rabi biyu ne a cikinta, kowanne yana ƙara wa siginar jita ƙarfi. Sai 6V6, wadda ke ɗaukar nauyin tura lasifika. Maɓalli ɗaya ne tak, na bolum. Har yanzu ana ƙera waɗannan kwalabe sababbi, misali kamfanin JJ a Sulobakiya, don haka ba sai ka bi tsofaffin da ba ka san tarihinsu ba.

Kafin maganar kaya, maganar rai. A cikin wannan ƙaramin akwati akwai volt 350 na DC, kuma a wayoyin taransifoma akwai abin da ya fi haka. Wannan wuta tana kisa. Abin da ya fi yaudarar sabon shiga shi ne kafasitocin tace wuta suna riƙe caji bayan an kashe makunni, har bayan an zare filogi daga bango. Dokar da na ɗora wa kaina tun ranar farko ita ce ba na sa hannu ciki sai mita ta nuna mini ƙasa da volt 10 a kan kafasita ta farko. Ana sauke cajin ne ta cikin rizisto, misali na 100k mai wat 5 da aka sa wa waya da 'yan maƙalai masu rufin roba, ɗaya a shasi, wato akwatin ƙarfen da kayan ke zaune a kai, ɗaya a ƙafar kafasita. Ba a haɗa ƙafafun da sukudireba. Tartsatsin yana ɓata kafasitar, yana kuma iya sa ka zabura ka taɓa abin da bai kamata ba. Ya fi kyau ma ka dasa rizisto na 220k mai wat 2 daga ƙafar kafasita ta farko zuwa ƙasa, wato shasi, ya zauna dindindin, shi zai riƙa zuƙe cajin cikin kamar minti ɗaya duk lokacin da aka kashe. Duk da haka a auna. Idan dole ne ka yi awo wuta na kunne, ka maƙale baƙar wayar mita a shasi tun kafin ka kunna, ka riƙe jar da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana aljihu, don kada wuta ta sami hanyar bi ta ƙirjinka daga hannu zuwa hannu. A cire zobe da agogo.

Tsohon zanen yana da abubuwa biyu da ba a kwaikwayo yau. Na farko, igiyar wuta mai ƙafa biyu. Ka sa mai ƙafa uku, wayar ƙasa ta tafi kai tsaye zuwa shasi a kan kusarta ita kaɗai, da noti da wosha mai haƙora, kuma ka bar ta ta fi sauran biyun tsawo, yadda ko an fizgi igiyar ita ce za ta tsinke a ƙarshe. Na biyu, wata kafasita da tsofaffin amfilifaya ke sawa tsakanin wutar bango da shasi. Idan ta lalace, wutar bango tana hawa shasi, daga nan ta bi igiyar jita zuwa tsirkiyoyin da ke hannunka. Kada ka sa ta sam. Fis da makunni duka su zauna a kan waya mai rai, fis ɗin mai jinkirin ƙonewa, amfiya 1 inda wutar bango take volt 120, rabin amfiya inda take 230. Taransifomar ma ka tabbata an naɗa ta don wutar da kake da ita.

Yanzu kaya. Taransifomar wuta tana ba da abu uku: kusan volt 325 a kowane gefe na waya ta tsakiya, volt 5 mai amfiya 2 don hitar 5Y3, wato zaren da ke ɗumama ta, da volt 6.3 don hitar sauran kwalabe biyu da ƙwan nuna alama. 12AX7 tana cin miliamfiya 300, 6V6 tana cin 450. Taransifomar sauti kuwa dole ta kasance irin ta kwalba guda, domin DC yana bi ta cikinta koyaushe, kuma an bar ɗan gibi a ƙarfenta don ta jure hakan. Wadda aka yi wa kwalabe biyu masu turereniya ba za ta yi ba. Ɓangarenta na shiga yakan kasance tsakanin ohm 5,000 zuwa 8,000, na fita kuma ya dace da lasifikarka, ohm 4 ko 8. A nan ne ya kamata kuɗinka ya tafi, taransifomomi biyu da lasifika. Kafasita masu tsada da ake cewa suna da wani sirrin sauti ba su ne za su gyara maka komai a aikin farko ba.

Hanyar sigina gajeriya ce. A kowane rabi na 12AX7 akwai sassa uku: girid inda sigina ke shiga, faranti inda take fita da ƙarfi, da katod wanda hita ke ɗumamawa; 6V6 tana da waɗannan da na huɗu, sikirin. Daga jak ɗin shiga ta bi rizisto na 68k zuwa girid na rabin farko na 12AX7, da rizisto na 1M zuwa ƙasa. Farantin wannan rabi yana samun wuta ta rizisto na 100k, katod ɗinsa yana sauka ƙasa ta 1.5k. Daga faranti sigina ta ratsa kafasita ta 0.022 µF, wadda aikinta shi ne ta bar sauti ya wuce ta tare DC, ta shiga bolum na 1M. Bolum ɗin ya zama mai harafin A, irin na sauti. Idan ka sa mai harafin B, duk ƙarar za ta taru a farkon juyawa, sauran juyawar ba za ta ƙara komai ba. Daga bolum sai rabi na biyu, shi ma 100k da 1.5k, sai wata 0.022 µF ɗin, sai girid na 6V6 da rizisto na 220k zuwa ƙasa. Katod ɗin 6V6 yana kan rizisto na ohm 470 tare da kafasita ta 25 µF. Wannan rizisto yana ƙona kusan kashi uku cikin huɗu na wat ba dare ba rana, saboda haka na wat 1 da ke tsohon zane ya yi kusa da iyaka. Sa na wat 5, kafasitar kuma mai volt 50, ka ɗan ba su tazara don zafin rizisto kada ya busar da ita. Sai rizisto na 22k da ke dawo da ɗan sigina daga lasifika zuwa katod na rabi na biyu, wanda ke rage ƙara kaɗan ya tsabtace sauti. Wannan rizisto ɗaya zai sake dawowa a maganarmu.

Ɓangaren tace wuta kafasita uku ne, 16, 8 da 8 µF, da rizisto na 10k tsakanin ta farko da ta biyu, da na 22k tsakanin ta biyu da ta uku. Ta farko tana ciyar da farantin 6V6 ta cikin taransifomar sauti, ta biyu sikirin ɗinta, ta uku kuma 12AX7. Tsohon zane ya ce masu volt 450, ni dai masu 500 nake so. Dalili: 5Y3 tana ɗaukar zafi cikin daƙiƙa biyu ko uku, 6V6 kuwa sai ta haura daƙiƙa goma kafin ta fara jan wuta. A wannan tsakanin babu mai shan wutar, sai ta haura zuwa kusan 450 ko fiye kafin ta sauko. Haka yake faruwa duk lokacin da aka kunna. Kuma kada son kashe ƙugi ya sa ka zuba wa 5Y3 babbar kafasita ta farko, kamar 47 ko 100 µF. Abin da ya wuce 20 da yawa yana sa ta jan wuta mai nauyi a kowane zagaye, tana iya yin tartsatsi a ciki ta mutu. Waɗannan kafasita suna da kai da gindi. Wadda aka juya tana kumbura ko ta fashe.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai iya auna volt 600 na DC, ƙarfen narka dalma mai daidaita zafi a kan kamar digiri 350 zuwa 370, dalma mai haɗin 60/40 ko 63/37 mai sinadarin wanke haɗi a cikinta, filaya mai dogon baki, abin feɗe waya. Wayar haɗi ta zama mai lamba 22 a ma'aunin kaurin waya, da rufin da ke jure volt 600, ta hita kuma mai lamba 20 ko 18. Dalmar nan akwai guba a cikinta, a wanke hannu bayan aiki, a buɗe taga.

Liƙi shi ne rabin aikin, kuma yawancin amfilifayar farko da ke tsayawa tana tashi, liƙi ne ya ci amanarta. Ka fara naɗe ƙafar kayan a jikin ramin ko ƙafar soket yadda za ta tsaya ko babu dalma. Ka ɗora bakin ƙarfen ya taɓa duka biyun, ka kawo dalma kan haɗin ba kan ƙarfen ba, ka bar ta ta gudana da kanta, ka janye, kada ka motsa sai ta daskare. Daƙiƙa uku zuwa huɗu sun isa. Liƙi mai kyau yana da santsi yana kwanciya. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo a saman waya bai kama ba. Kowane rizisto kuma ka auna shi da mita kafin ka liƙa, domin launukan 470 da 470k, ko 22k da 220k, zobe ɗaya ne ya raba su.

Ƙafafun soket ana ƙirga su ne daga ƙasa, wato ɓangaren da kake liƙi, ana bin juyawar agogo daga gibin da ke kan mai ƙafa tara ko daga tsagar da ke tsakiyar mai ƙafa takwas. A 12AX7, ƙafa 1, 2, 3 su ne faranti, girid, katod na rabi ɗaya. 6, 7, 8 na ɗaya rabin. Don volt 6.3 ana haɗe 4 da 5 wuri guda su karɓi waya ɗaya, ɗaya wayar ta tafi 9. A 6V6 hita tana 2 da 7, faranti 3, sikirin 4, girid 5, katod 8. A 5Y3 manyan wayoyi biyu na volt 325 suna zuwa 4 da 6, na volt 5 suna zuwa 2 da 8, DC kuma daga 8 ake ɗaukarsa. Lura da abin da wannan ke nufi: wayoyin nan na volt 5, waɗanda galibi rawaya ne, suna ɗauke da cikakken volt 350 idan aka auna su da shasi. Sunansu ƙarami ne, cizonsu babba. Idan taransifomarka tana da waya ta tsakiya a wannan naɗi, kada ka kai ta ƙasa, ka rufe bakinta da kyau ka ajiye.

Inda na fi daɗewa, kuma inda zan fi so ka daɗe, shi ne shimfiɗar waya da maganar ƙasa, domin a nan ake raba amfilifaya mai shiru da mai ƙugi. Amfilifaya mai kwalbar fita guda ba ta soke ƙugin wuta da kanta yadda mai biyu ke yi, don haka duk abin da ka bari ya shigo zai fito a lasifika. Wayoyin hita AC ne ke bi cikinsu. Ka murɗe su biyu tare da ƙarfi, ka kwantar da su a kusurwar shasi, nesa da wayoyin girid. Inda dole waya mai sigina ta tsallaka ta hita, ta tsallaka a gicciye, kada su jera. Tsohon zane ya kai gefe ɗaya na hita ga shasi don tsimin waya. Maimakon haka ka ja waya biyu, sannan idan naɗin 6.3 yana da ta tsakiya ka kai ta ƙasa, idan babu ka ƙirƙira da rizisto biyu na ohm 100, ɗaya daga kowane gefe. Ɗaya daga ciki ake yi, ba duka biyun ba. Wani dabarar da ke ƙara rage ƙugi ita ce a kai wannan tsakiyar kan katod ɗin 6V6 maimakon shasi, ta hau kan volt goma sha tara ɗin da ke wurin.

Ƙasa kuwa ba wuri ɗaya ba ce ko da mita ta ce haka. Tsakanin waya ta tsakiya ta babban naɗi da gindin kafasita ta farko akwai wuta mai datti da ke bugawa sau ɗari ko ɗari da ashirin a daƙiƙa. Waɗannan biyun ka haɗa su da juna kai tsaye a wuri ɗaya kusa da taransifoma, katod ɗin 6V6 ya biyo su. Ƙasar 12AX7, wato rizistocin katod, gindin kafasita ta uku, da ƙafar bolum, su taru can kusa da jak ɗin shiga. Idan ka gauraya su, 12AX7 za ta ɗauki wancan datti ta ninka shi sau da yawa ta miƙa wa lasifika. Wayar da ke zuwa ƙafar girid ta farko ita ce mafi jin tsoro a akwatin duka. Ka gajarta ta, in ta yi tsawo ka sa mai raga, ragar a kai ta ƙasa a baki ɗaya kawai. Taransifomomi biyun kuma a juya su yadda ƙarafansu ba za su fuskanci gefe ɗaya ba, jak ɗin shiga ya yi nisa da ta wuta.

Ranar kunnawa ba a yin gaggawa. Ka ɗauki zane da alƙalami mai launi, ka bi kowace waya da mita kana shafe ta a takarda, har takardar ta cika. Ka auna tsakanin ƙafar kafasita ta farko da shasi: lamba za ta riƙa hawa yayin da kafasita ke cika, idan ta tsaya kusa da sifili akwai inda waya ta taɓa. Sannan ka haɗa ƙwan kariya, wato ƙwan lantarki na da mai zare, wat 40 zuwa 60, a jere da waya mai rai kafin ta shiga amfilifaya. Idan akwai gajeriyar hanya, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar maimakon taransifoma ta ƙone. Ƙwan zamani marar zare ba ya wannan aiki.

Kunnawar farko babu kwalba ko ɗaya. Ƙwan ya kamata ya zauna kusan a mace. Auna 6.3 a ƙafafun hita, zai ɗan haura tunda ba kaya. Manyan wayoyi biyu ka auna kowace da shasi, kada ka auna tsakaninsu, domin tsakanin nasu ya kai 650, ya fi ƙarfin yawancin mitoci. Kashe, sa 5Y3 kaɗai, kunna na ɗan lokaci, ka ga DC ta bayyana a kafasita uku. Kashe, sauke caji. Sannan ka haɗa lasifika kafin ka sa sauran kwalabe. Wannan ba shawara ba ce: amfilifaya mai kwalba da aka buga ba lasifika, ƙarfin da ya rasa wurin zuwa yana komawa cikin taransifomar sauti ya zama dubban volt, ya huda rufin naɗinta ko ya ƙona soket. Da kwalabe duka, ƙwan zai ɗan haska ya lafa ya zauna ja-ja. In komai lafiya sai a cire shi a yi awo na gaskiya, domin yana rage wutar.

Lambobin da na gani, kuma su za ka nema, sun yi kusa da waɗannan: 340 zuwa 360 a kafasita ta farko, kusan 300 a ta biyu, 250 ko sama kaɗan a ta uku. Farantan 12AX7 tsakanin 150 da 175, katod ɗinsu 1.2 zuwa 1.5. Katod ɗin 6V6 kusan 18 zuwa 20, girid ɗinta sifili. Bambancin kashi goma cikin ɗari ba abin damuwa ba ne. Daga nan ka yi ɗan lissafi: volt 19 raba da 470 ya ba da miliamfiya 40. Cire kamar 3 na sikirin, saura 37. Faranti 345 ka ɗebe 19, saura 326. Ka ninka, ka sami wat 12, wanda shi ne bakin iyakar 6V6 a tsofaffin takardunta, wasu nau'o'in kuma 14. Champ dama a bakin iyaka take aiki. Idan lissafinka ya wuce 14, ka ɗaga rizistan katod zuwa 560 ka sake awo.

Lambobin nan su ne ke faɗa maka inda ciwo yake. Farantin 12AX7 da ya nuna daidai da wutar kafasita ta uku, katod kuma sifili, wannan rabi ba ya jan wuta: ko hita ba ta kama ba, ko katod bai isa ƙasa ba. Girid ɗin 6V6 da ya nuna wasu volt na DC, kafasitar 0.022 tana yoyo, kuma za ka ga farantin kwalbar ya fara ja kamar garwashi. Kashe nan take. Idan kuwa da ɗumamar kwalabe lasifika ta ɓarke da kururuwa mai tsini ko bolum yana ƙasa, rizistan 22k ɗin nan ne yake dawo da sigina a juye, yana ƙara wuta maimakon ya rage. Ba laifin kowa ba ne, masu ƙera taransifoma ba su naɗa ta gefe ɗaya duka. Kashe, sauke caji, ka musanya wayoyi biyu na ɓangaren shigar taransifomar sauti, wadda ke ƙafa 3 ta koma kafasita, ta kafasita ta koma ƙafa 3.

Ƙugi ma yana da iri. Mai kauri can ƙasa, daidai da bugun wutar bango, daga hita ne ko kusancin taransifoma. Mai ɗan tsini da ya ninka wancan, daga tace wuta ne ko gaurayar ƙasa. Wanda ke ƙaruwa da bolum ya shigo kafin bolum, wanda bai damu da bolum ba ya shigo bayansa. Wanda ba ya zuwa sai an zare igiyar jita, jak ɗin ne ba ya rufe bakinsa zuwa ƙasa. Don ƙarar da ke zuwa tana tafiya, ka sami siririn tsinken katako busasshe, ba fensir ba domin bakinsa yana ɗaukar wuta, ka riƙa taɓa kaya da wayoyi ɗaya bayan ɗaya wuta na kunne. Inda ƙarar ta canja, nan liƙin yake da rauni ko wayar take son a matsar da ita.

Bayan ta zauna lafiya ne ake fara wasa da sauti, canji ɗaya a lokaci guda. Kafasita ta 25 µF a kan katod na rabin farko tana kusan ninka ƙarfin wannan mataki, sauti ya yi kauri ya fara karyewa da wuri. Ƙaramar kamar 1 µF tana ɗaga sama da tsakiya ta bar ƙasa yadda yake. Cire rizistan 22k mai dawo da sigina gaba ɗaya yana sa ta ƙara zafi da hayaniya. Lasifika mai inci 10 ko 12 a madadin mai inci 8 ta asali tana canja ta fiye da duk waɗannan a haɗe. Lambobin da ka auna ranar farko ka rubuta su a jikin zanen ka ajiye, domin da su za ka gwada duk ranar da ka canja kwalba ko sauti ya sauya.